Ba Wanda Ya Auna Zurfi

Ran da kuɗin sallamata suka faɗo,
ladan shekara talatin da biyar na alli da allo,
Sada dillali ya riga labarin isowa ƙofata.
"Malam, akwai fili a bayan garin Ƙanƙara,
shimfiɗe kamar faifai,
ga ɗorawa guda a kusurwa,
kuma mai shi a matse yake."

Na je na gani. Ban ce uffan ba,
amma a zuci har na buga kwano,
na yanka wa Lantana madafa ta gabas,
na dasa zogale inda ruwan wanka zai bi.

Takardu sun cika.
Sa hannun mai unguwa, hatimin dagaci,
shaidu uku, kowa ya dangwala yatsa.
An auna tsawo, an auna faɗi,
an kafa turaku huɗu.
Ba wanda ya auna zurfi.

Lantana ce ta ƙi tafiya.
"Me ya karkatar da ɗorawar nan,
kamar mai sauraren magana a ƙasa?
Can kuma, me ya sa ciyawa ta yi kore a zagaye
alhali ko'ina ta bushe?"
Sada ya yi dariya, ya duba agogo.

Da la'asar muka nemo Nomau,
tsohon mahaƙi, mai tari kamar ana jan zarto.
Farar ƙasa ta zauna a tsagar tafinsa,
sabulu ya gaji ya bar ta.
Bai tambayi takarda ba.
Taɓarya ya ara a maƙwabta.

Ya buga a bakin hanya: ƙasa ta yi shiru.
Ya ƙara taku goma: shiru.
Ya zo tsakiyar ɗakin kwanana,
wanda ban gina ba tukuna,
ya ɗaga, ya saki.
Sai ƙasa ta amsa kamar ganga.
Na ji amon a gwiwata.

"Nan muka shiga," in ji shi,
"gaba bakwai a tsaye,
sannan muka bi jijiyar farar ƙasa a kwance
kamar gafiya, da fitilar ƙwai a baki,
buhu na fita, buhu na fita,
motoci na jira a bakin titi.
Da ta ƙare muka toshe baki da kara da shara.
Ciki fa? Wa zai biya ka ka cike ciki?"

Ya karɓi jarkar ruwa ya tuttule.
Ruwan bai kwanta ba, bai gangara ba,
ya tafi da ɗan kuka
kamar tulu na shan rijiya.

"Damina ɗaya za ta ɗauke ka, har biyu.
Ta uku bango zai fara yi maka rubutu.
Jakin Tanimu a can ya nutse, da mangala,
ko jelarsa ba mu gani ba."

Sada ya ce tsufa ne ke magana,
ya ce gobe wani na zuwa da kuɗi a leda,
ya ce kafin alƙalami ba ya komawa.
A na ƙarshen dai ya yi gaskiya.
Dubu ɗari da hamsin suka bi ruwan jarka.
Na kwana ina lissafi,
Lantana ta kwana tana barci.

Har yau muna haya a ɗaki biyu,
mai gida na ƙwanƙwasa ƙofa duk wata.
Amma idan na taka daɓen ɗakin,
ba ya amsa mini.

Jiya na bi ta wurin a kan mashin.
An sare ɗorawar.
An jibge bulo, an ja igiya,
wani saurayi da sabuwar hula
na nuna wa magina inda taga za ta kalla.
Na wuce har kwana,
ina cewa ba ruwana.
Sai gwiwata ta tuna.

Na juyo, na kashe mashin.
"Salamu alaikum. Wa ke da ginin?
Ko akwai taɓarya a kusa?"